Baƙin Ruwa a Kududdufin Ƙofar Gayan

Ku yaran yanzu ba ku da aiki sai neman sauƙi. A ce ku sunkuya, ku ce bayanku na ciwo. A ce ku yi yadda aka saba, ku ce zamani ya wuce nan. To ku buɗe kunne ku ji abin da ya sami wani gida a Ƙofar Gayan.

Bayan gidan akwai kududdufi tun na kakanni, inda aka haƙi ƙasar gini. Ana wanki da ruwansa, dabbobi suna sha, da kaka har tarwaɗa mutum kan hango a ƙasa. Ba wani asiri ya riƙe shi haka ba. Duk shekara mazan gidan kan naɗe wando su shiga da manjagara, su kwashe kainuwar da ta rufe ruwan, su baza ta a tudu ta bushe, su ƙone.

Da maigidan ya rasu, aikin ya dawo kan ɗansa Sadiƙu. Uwarsa, Inna Asama'u, ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Inna, wa ke wannan wahalar yanzu?" in ji shi. "Galan ɗaya na maganin ciyawa ya gama komai."

"In kainuwar ta mutu a ciki, ina za ta?" in ji Inna.

Dariya ya yi ya fice. Ya je ya tuttule galan ɗin, ko bisimilla babu.

Kwana uku kainuwa ta mutu, ta nutse, ta ruɓe. Ruwa ya koma baƙi ƙirin. Kifaye suka taso ciki sama, kwaɗi suka yi tsit, wari ya hana kowa cin tuwo a tsakar gida.

Ran kwana na bakwai, gab da magariba, Inna tana alwala sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo. Na uku ya faɗi gaban butarta, jiƙe sharkaf da baƙin laka. Ba ta ɗaga kai ba, don ta san ba yaran unguwa ba ne.

A lokacin ne jikarta Zakiyya, 'yar Sadiƙu mai shekara goma, ta ɗebi ruwa a randa ta kai baki, ta furzar.

"Inna, ruɓa yake yi."

Inna ta kurɓa. Ruwa garau. Aka kawo wa Zakiyya na leda, ta furzar. Aka dama koko, ta kau da kai. Washegari aka kai ta asibiti, aka ce ba a ga komai ba. Kwana biyu ko ɗigo bai wuce maƙogwaronta ba, leɓɓanta suka tsage, Sadiƙu yana ta cewa a canza likita. Inna ta ja mayafinta, ta taka da ƙafarta har unguwar Gyallesu ta taho da Malam Abdullahi mai ruƙiyya.

Bayan la'asar malam ya zauna ya soma karatu. Ya daɗe. Can yarinyar ta miƙe zaune, murya ta fito daga bakinta, ta wata tsohuwa, a dishe.

"Malam, daina ƙona ni. Ni aka zalunta."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. Tun kafin a kafa zauren nan nake cikin ruwan can. Kakannin Sadiƙu suna share min gida, ni ina tsare musu yara kada su nutse. 'Ya'yana kwana tara ba su sha ruwa ba. Tasa ma ba za ta sha ba."

"Yarinya ba ta zuba miki komai ba. Ki ji tsoron Allah."

"To a yanka min baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Nemi haƙƙinki, ba shirka ba."

Inna tana jin numfashin ɗanta a bayanta.

"Wanda ya zuba shi zai kwashe," in ji muryar. "Da hannunsa, ba ɗan haya ba. Kuma abin da 'yarsa ke ji a baki, shi zai riƙa ji, sai ranar da aka jefa farin faranti cikin kududdufin aka hango shi a ƙasa. Zai dai iya haɗiyewa. Nan na yi masa rangwame."

Malam ya juya. "Sadiƙu, ka ji. Ka ɗauka?"

Sadiƙu ya dubi leɓɓan 'yarsa. "Na ɗauka."

Zakiyya ta yi atishawa sau uku ta sulale. Da ta farfaɗo, moɗa biyu ta shanye ba ta numfasa ba.

Shi kuwa Sadiƙu rani guda ya yi cikin laka har ƙugu, yana jidar ruɓaɓɓiyar kainuwa da kwando, masu wucewa suna toshe hanci suna yi masa sannu. Farcen ƙafarsa huɗu suka fita. Ruwan bai washe ba sai a damina ta biyu. Wata goma sha shida, shayi ne, fura ce, ruwan buɗa-baki ne, duk abin da ya kai baki ɗanɗanon mushen kifi yake ji, ya runtse ido ya haɗiye.