Bakan da Aka Saki Ba Kibiya

A kulob ɗin masu harbin kibiya, Mai Saiti ake ce masa. Ba ya yawan magana. Wasu su ce girman kai gare shi, wasu su ce kunya ce, amma kowa ya yarda cewa bakan da ya saita ba ya bukatar hannu na biyu.

Auta, 'yar Koci mai horar da 'yan kulob, ta fara ganinsa ranar da ta kai masa sabon bakanta shagonsa, irin na zamani mai 'yan tayoyi a kai da gindi. Ya auna faɗin hannuwanta daga yatsa zuwa yatsa, ya rage nauyin ja da ɗan makulli. Sannan ya ce ta rufe ido ta ja, ta buɗe, don ya san inda zai ɗaura 'yar ƙofar leƙe a jikin tsirkiya.

"Me kike gani?"

"Bango. Sai wani mutum a gefe da ya manta da numfashi."

Ya juya da sauri har ya ture kwalin kibiyoyi.

Aikin yini guda sai ya ci mako uku. Kullum da abin da ya rage a gyara.

"Maharbiyata, takardar da muka harba don gwaji ta yage ta hagu. Ki zo gobe."

"Malam Shiru, takardar ce ke nemana ko mai shagon?"

Ranar da aka kawo bakan gida, Baba, wato Koci, ya ɗauke shi a falo yana sha'awa. Shekara talatin yana koyarwa. Auta na bakin ƙofar kicin ta ga ya ja, ba kibiya, tsirkiyar ta suɓuce masa. Ƙarar kamar an fasa faranti. Tsirkiya ta tsinke, taya ɗaya ta lanƙwashe.

Bai san ta gani ba. Washegari ya ce a gaban 'yan kulob aikin banza aka yi masa, Mai Saiti ya kusa tsone wa 'yarsa ido. Ya hana shi zuwa gidan. Ya fara kiran wani ɗalibinsa, zakaran kulob, cin abinci, yana yabonsa a gabanta.

Mutane suka janye daga shagon. Auta ta rasa mafita. In ta yi magana, ta tona asirin mahaifinta. In ta yi shiru, ta bar mutumin kirki da baƙin suna.

"Na ga abin da ya faru," ta rubuta wa Mai Saiti.

"Ni ma na gani a jikin tayar. Kada ki faɗa, mahaifinki ne."

"To ni fa? Haka zan zauna har a ba da ni ga wani?"

Bai amsa ba sai bayan kwana biyu. "Ina nan. Iyakar abin da na iya ke nan."

Ta ji haushinsa, ta ƙara sonsa, ta rasa wanda ya fi yawa.

Wata Asabar Baba ya tara sababbin ɗalibai a fili, ita tana raba musu kibiyoyi. Ya ɗaga yatsa kamar yadda ya saba.

"Doka ta farko, kada a taɓa sakin tsirkiya babu..."

Idonsa ya faɗa cikin nata. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Kin gani?" ya tambaya a hankali.

"Na gani, Baba."

"Shi fa?"

"Tun ranar farko ya sani. Shi ya hana ni magana."

Baba ya aika a kira Mai Saiti, ya ce kowa ya matso, har zakaran kulob. Mai Saiti ya iso hannunsa duk kakin goga tsirkiya, Baba ya dube shi.

"Ka turo magabatanka wannan makon. Na ba ka Auta, Allah ya yi muku albarka."

Aka amsa da amin. Auta ta rufe fuska da mayafi. Baba bai gama ba, ya gyara murya sau biyu.

"Bakan nan ni na sake shi ba kibiya, na ɗora maka. Ka yafe mini, ɗana."