Abin da Lastri Ta Nema a Cikin Kogo

"Yau ma ba za ki faɗa mata ba, ko?"

Danang, saurayin Ratri, shi ne ya yi tambayar ƙasa-ƙasa, yana kafe babur ɗin haya a bakin gonar shinkafa. Ratri ta kau da kai ta zuba wa dutsen Rinjani ido, kai ka ce shi ya yi maganar. Yayarta Lastri, wadda take kira Mbak, wato Yaya, ta riga ta yi gaba da dattijon da ke musu jagora zuwa wani kogo, tana ɗaukar hoton duk abin da ta gani, har kajin mutane.

"Mas, ka ƙara mini haƙuri..." in ji Ratri, tana kiransa da lakabin girmamawa na yarensu.

"Haƙurin ne ya ƙare, abar ƙaunata. Gobe fa za mu koma."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mata zafi. Mahaifiyarsa ta ce in ba a sa rana kafin Babbar Sallah ba, a manta da zancen. Aiki kuma na jiransa a tsibirin Batam mai nisa, can zai tafi da ita. Amma a gidansu Ratri, ƙanwa ba ta tsallake yayarta ta yi aure haka kawai. Sai ta durƙusa ta nemi izini, yayar ta faɗi kyautar da take so, a kawo mata ba musu. Wasu zane suke nema, wasu zobe.

To, da wane baki? Lastri ce ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Lastri ce ta sallami nata saurayin lokacin da ɓarin jikin Baba ya shanye. Hutun nan da suka zo tsibirin Lombok ma, sai da aka lallaɓa goggonsu ta zo ta riƙe Baba kafin Lastri ta yarda ta fito. Ratri ta shirya tafiyar ne don ta samu hanyar magana, amma da ta buɗe baki sai ka ji ta ce, "Mbak, a ƙara miki shinkafa?"

Bakin kogon ɗan tsukuku ne, sai da rarrafe suka shige. Ciki baƙin dutse ko'ina, ga warin jemagu. Ba su jima ba suka ji ƙugi. Ashe ruwan sama ne ya sauka a saman dutse, ya gangaro ya cike 'yar hanyar da suka shigo ta cikinta. Dattijon ya ce ba abin tsoro ba ne, su hau tudu su jira ya janye, sannan ya kashe tocila don kada batir ya mutu.

Duhu ya rufe su ruf.

Lastri ta yi wata 'yar dariya. Ta ce ita kam ta saba, ɗakin Baba ma haka yake, sai dai nan ba mai kiran sunanta.

Maganar ta soki Ratri har cikin rai. Amma duhun ya taimake ta, tunda babu idon da za ta kalla. Ta lalubo ƙafafun yayarta, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen dutse, ta ɗora goshi a gwiwarta.

"Mbak... ki yafe mini. Ina neman izini in riga ki aure."

"Sakarya," in ji Lastri, tana shafa kanta. "Tun ranar da kika yanki tikiti na gane. Na yarda."

"Me kike so a ba ki? Ko mene ne..."

Lastri ta janye hannunta daga kan Ratri.

"Ki karɓi Baba."

"Mbak?"

"Na gaji, Ratri. Allah ya gani ina sonsa, amma na gaji. So nake ni ma in ga yadda mutane suke rayuwa, kafin in tsufa a bakin gadon nan."

Ratri ta ji kamar rufin kogon ya sauko mata a ƙirji. Baba ba zai iya tafiya Batam ba, ko bakin titi da ƙyar ake kai shi. Ta kasa kunne ko Danang zai ce wani abu. Ko tari bai yi ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ruwan bai ba ta ba.

"Na karɓa," ta ce, hawaye na shiga mata baki.

Da ruwan ya janye suka rarrafo waje, jiki duk taɓo. Danang ya wuce su ya je ya tsaya a bakin gona, ya ba su baya. Ratri ba ta kira shi ba. Ta riga ta fara koya wa zuciyarta cewa ya tafi.

Can ya juyo, idanunsa jajur. Bai nufo ta ba, gaban Lastri ya je ya russuna.

"Mbak, zan nemi aiki a gida. Amma ki koya mini tun yanzu... in za a ɗaga shi daga gado, ta wane ɓangare ake kama shi?"

"Ta hagu," in ji Lastri. Ta so ta ƙara bayani, kuka ya ci ƙarfinta.