Gansakukar Kogin Amba

A ranin shekarar 1927 aka kawo wa Sufeto Mele rahoton mutuwar Ya'akubu maƙeri, wanda ya sha ruwa ya yi ta amai har ya cika. An tsare Batulu, tsohuwar da ke sayar masa da ruwan kogi, ana zarginta da sa masa guba.

Mele baƙo ne a Lafiya. Watansa huɗu a bariki, ba wanda ya taɓa gayyatarsa cin tuwo.

Ya je inda aka tsare Batulu. "Iya, a ina kike ɗibar ruwan?"

"Inda uwata ta ɗiba, ranka ya daɗe. Sai dai duwatsun sun daina santsi."

Ya gangara mashayar shi kaɗai. Gansakukar da ya kamata ta lulluɓe duwatsu da kore ta yi fari fat, tana marmashewa a hannu. Ya san zafin rani ba ya yi mata haka muddin tana cikin ruwa.

Ya naɗe wando ya bi kogin sama. Mata masu wanki suna hango jar dararsa suka kwashe kaya. Bayan tafiyar mil guda, daidai wata 'yar kwata, kore ya dawo. Kwatar ta fito ne daga rumfar Kalilu, mai tsoma fatu a maganin ƙwari kafin a loda su a jirgin ƙasa.

"Malam Kalilu, ina kake zubar da ruwan magani?"

"A rami, kamar yadda Bature ya ce."

"Nuna mini."

Ramin a bushe yake, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

Mele ya ajiye duwatsu biyu a gabansa, kore da fari. "Wannan daga saman kwatarka, wannan daga ƙasanta. Taku uku ne tsakaninsu."

Kalilu ya dubi duwatsun.

"Ramin da nisa, ganga da nauyi," ya ce a hankali. "Tun muna yara aka ce mana ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta. Ya'akubu abokina ne, ranka ya daɗe."

Mele ya sa masa ankwa.

Da la'asar Mele ya buɗe wa Batulu ƙofa da kansa. Ta ɗauki tulunta, ta tsaya a bakin ƙofar.

"To, ɗan nan, gobe a ina zan ɗiba?"