Masaƙin da Ya Yi wa Surukinsa Zambo

Wattie Dalgleish ya yi wa mutum waƙar zambo tun kafin ya san mutumin yana da 'ya. Daga nan komai ya lalace.

Masaƙi ne, sabon zuwa wani ƙauye a yankin Ayrshire na ƙasar Skot. Wanda ya zambata kuwa Dattijo Haddow ne, ɗaya daga cikin manyan coci. A bayan garken tumaki aka haifi Haddow, amma tun da ya yi sati guda a babban birni Edinbara ya dawo yana murɗa baki da Turancin Ingila, wai harshen Skot na 'yan ƙauye ne. Wattie ya haɗa masa baitoci da harshen da ya raina ɗin:

"Ya tafi birni da harshen uwa,
Ya komo da na aro a baka,
Tumakinsa da suka ji kira,
Suka ce wane baƙo ne haka?"

Kafin Lahadi har mata masu tatsar shanu sun haddace.

Ranar Talata Wattie ya bi ta bakin rafi ya tarar da wata yarinya cikin baho, ta tattare siket tana tattaka barguna da ƙafa. Ya tsaya kamar an dasa shi.

Ta ce, "Kai ne sabon masaƙin? An ce bakinka ya fi hannunka aiki."

"Ba ki ga aikin hannun ba tukuna."

"Ga shi ina takawa. Bargon gwaggona ne. Iska na shiga tana fita ba sallama."

Ya yi dariya ya tambayi sunanta. Ta ce Grizel. Ya ce Grizel wa? Ta dube shi sosai ta ce, "Haddow. Tumakin namu ne."

Duk da haka soyayya ta kama su. Ita ke kaɗa zaren da yake saƙa, don haka wasiƙunsu a cikin curin zare suke tafiya. Ya rubuta mata: "Tsuntsuwata, yau sau uku zare ya tsinke mini, kuma ke ce sanadi. Ki fito rafi ko ba wanki." Ta mayar masa: "Masaƙina, wanki ba ya ƙarewa a gidanmu. Ka zo, amma ka bar bakin nan a gida."

Akwai wani Fairlie, malamin makaranta, siriri kamar sandar kaɗi, wanda uban ya fi so ya ba shi ita. Zancensa duka gyaran magana ne. Grizel ta ce tana jin sanyi, sai ya ce ba haka ake furtawa a Landan ba. Shi ne ya je ya tsegunta mata wai Wattie na bin ta ne don ya samu abin sakawa a sabuwar waƙa.

Sati biyu zare na zuwa babu takarda. A na uku ta rubuto layi ɗaya: "In ni ma baiti ce, ka faɗa mini."

Ya amsa: "Grizel, duk garin nan babu wanda ban iya yi wa waƙa ba sai ke. Na gwada sau tara, na yage. Aurenki nake so."

Ya sa rigarsa ta Lahadi ya je wurin uban. Haddow bai ba shi kujera ba, kuma da Turanci ya yi masa magana, kamar Wattie ba ɗan ƙasa ba ne.

Wattie ya ce, "Baba, na yi kuskure. Zan ƙone waƙar a gabanka."

"Za ka ƙone bakin mutanen gari ne? Muddin ina zaune a majalisar coci, ba za a yi shelar aurenka da 'yata ba."

Ba shela sau uku, limamin coci ba ya ɗaura aure. Wattie ya fito. Grizel ce ta tare shi a bakin maƙera.

"Ka manta a ƙasar Skot muke? Shaidu biyu, mu faɗa da bakinmu, shi ke nan doka ta yarda."

"Za su ɗora mu a kujerar tuba ta masu laifi a coci, tsuntsuwata. Gaban kowa."

"Kujera ce dai. Na taɓa zama a kan kujera."

Da rana tsaka, gaban maƙeri da gwaggonta, ya ce wannan matata ce, ta ce wannan mijina ne. Maƙeri ya goge hannu a jikin fatar aikin da ya ɗaura a gaba ya ce ya ji.

Lahadi aka ɗora su a kujerar tuba. Limami ya yi ta faɗa, munafukan da suka fi kowa rera zambon suna girgiza kai kamar ba su taɓa jin sa ba. Fairlie har da rufe ido. Da aka gama aka rubuta auren a littafin coci, don ba yadda za su yi.

Aka yi biki a babban ɗakin ajiyar hatsin maƙwabta, da goge da wiski. Uwar Grizel ta zo, ta karya gurasa a kan amarya bisa al'ada, ta ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. Kai kuma ka riƙe mini ita da kyau." Wattie ya riƙe ta, ba a taɓa jin kansu ba.

Haddow bai kore ta ba, bai zage ta ba. A da in ya shigo gida ya rufe ƙofa, yakan ajiye Turancin ya kira ta 'yar lelensa da harshen Skot ɗin da ya rene ta da shi. Daga ranar auren bai sake ba. Shekara goma sha ɗaya tana kai masa miya duk Asabar, yana karɓa yana yi mata godiya da Turanci, kamar yadda ake yi wa baƙuwa. Haka ya mutu.