Ƙwaya Ɗaya, Faranti Biyu

Kin sha gani kina kau da kai. E, ke mai karatu. To ga wadda ta ƙi kau da nata.

"Dakta... wannan ƙwayar tawa ce."

Auta ta faɗa, idonta a kan kwamfuta, safar roba a hannunta. Ɗakin gwaji tsit, sai gurnanin firij.

Dakta ya matso da murmushi. Shi ne shugabanta a binciken ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, aurensu kuma saura ƙiris.

"Komai na ɗakin nan naki ne, rabin raina. Har mai ɗakin."

"Ba wasa nake ba! Tun ina ɗaliba na rene ta. Dubi reshenta mai kama da ƙugiya. Ga ta a farantin da ba a sa wa magani ba. Ga ta kuma a wanda aka sa wa... juya hoton kawai aka yi!"

Murmushin ya mutu.

Wata da watanni tana maimaita gwajin maganin Dakta yana ƙi, shi ya mayar da ita ga tsofaffin hotuna. Hotunan na maƙalar da ta ɗaga Dakta ne, wadda ta ce maganin na kwantar da farfaɗiya. Masu bincike fiye da dubu sun kafa hujja da ita. Dubun nan ta ba shi kujera, ita ta sa Abba ya sauko bayan ya rantse ba zai ba mai kiwon ɓerayen gwaji 'yarsa ba.

"An matsa min ne a lokacin... Ai ba wanda ya mutu."

"Tukuna. An fara neman yaran da za a gwada shi a kansu, ka sani."

"Bari sai bayan biki."

"Ka janye ta, masoyina. Wallahi ko gadi ka koma ina tare da kai."

"In janye in zama me?"

"Mijina..."

Ya sunkuyar da kai. Ta fita.

A bakin matakala ta ci karo da 'yar Farfesa shugaban sashensu, wadda ta daɗe tana kewaya Dakta.

"Kowa a sashen nan ya san hoton, sarkin ido. Yi shiru ki samu miji. Yi magana, ni in samu."

A gida, da ta ji labarin, Umma ta dafe ƙirji.

"Ke ce alƙalin duniya? Masu digiri dubu ba su gani ba sai ke? Ki rufa masa asiri, Allah ya rufa miki!"

"Umma, da jikanki za a ɗura wa fa?"

Umma ta juya fuska bango.

Auta ta aika hotunan ga mujallar da ta buga maƙalar, duk da sunanta ma na jikin maƙalar. Aka janye ta. Aka dakatar da gwajin yaran.

Ranar da take kwashe kayanta daga wurin aiki, don an sallame ta wai ba ta iya zama da mutane ba, Dakta ya tsaya a ƙofa.

"Kin kashe ni, Auta."

"Ina son ka har gobe," ta ce, hawaye na zuba. "Amma ba da 'ya'yan mutane zan sayi aurena ba."

Ya kauce ta wuce.

Farfesa ya rufa wa sabon surukinsa Dakta baya, ya sama masa wata kujera. Har yau akwai masu kafa hujja da maƙalar, ba su ko duba an janye ta ba. Auta kuwa tana gida, Abba ba ya amsa gaisuwarta.

Ke ma kin san hoton da aka juya a wurin aikinki. Gobe da safe ki buɗe baki ki faɗa. Kada ki bar ta ita kaɗai!