Ɓarin Goron Ɗanbaba

"Ni fa na gama magana," Iyatu ta ce, tana tura itace ƙarƙashin tukunyar turara shinkafa. "Malamin asibitin da ya kasa sa yaro ɗan shekara uku barci, shi zan ba 'yata? Ya kawo magani, yaro ya yi barci, sannan a yi zancen aure."

Zuliha ta ɗago idanunta da suka yi ja kamar tumatirin Kadawa. "Iya, cewa ya yi..."

"Na ji abin da ya ce. Rowa ce kawai."

To, bari in gaya muku yadda abin yake. A shekarar da aka yi ƙidaya ne, a wani ƙauye gefen kanal tsakanin Kura da Bunkure. Mijin Zuliha ya rasu ya bar ta da ɗa guda, ta dawo gaban mahaifiyarta. Sunan yaron Sada, sunan marigayi mijin Iyatu ke nan, shi ya sa ake kiransa Ɗanbaba. Yaro lafiyayye, sai dai wata biyar ke nan ba ya runtsawa sai gab da asuba. Zuliha ta rame, har ta taɓa yin gyangyaɗi a tsaye shinkafar mutane ta ƙone.

Shi kuwa Abdulsamad, malamin ƙaramin asibitin ƙauyen, tun ranar da ta kai yaron riga-kafi ya rasa sukuni. Ita ma tana son sa, amma ta rantse ba za ta aure shi ba sai da albarkar Iya.

Bayan magariba ya zo zance a kan babur ɗinsa, ya tarar da Kawu Datti, ƙanin Iyatu, ya riga shi zama a zaure da wani ƙullin leda.

"Yauwa likita, gara da ka zo," in ji Kawu, ya rage murya. "Na ji a rediyo Turawa na yin magani da ganyen nan... wiwi. Wani direban motar tumatir ya samo mini. Ɗan kaɗan a kunu, shi ke nan."

Abdulsamad ya kusa faɗowa daga benci. "Kawu, don girman Allah! Masu binciken ma ba su tabbatar yana gyara barcin yara ba, ga shi yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro."

"To maganin murar nan mai sa barci fa?"

"Shi ma ba don haka aka yi shi ba. Wani yaron ma ƙara masa ƙiriniya yake. Binciken maganin barci ga yara kaɗan ne ƙwarai, Kawu. Kafin a ba yaro komai, sai an san abin da ya hana shi barcin."

Kawu ya miƙe yana karkaɗe riga. "Boko dai. Yaro na tsalle a kan uwarsa har asuba, kai kana bincike." Ya fita, amma sai da Abdulsamad ya bi shi ya karɓe ledar ya watsa a masai.

Da ya dawo ya tarar Zuliha ta jingina da bango, idonta ya cika da ƙwalla.

"Malam, ko ruwan sikari ne ka zuba a kwalba ka kawo mata mana..."

"Sanyin idona, in na fara da yi wa Iya ƙarya, da me zan ƙare? Ki ba ni kwana uku. Duk abin da ya shiga bakin yaron nan, ki sa ido ki gaya mini."

"Wane idon? Wannan da ba ya buɗewa?"

"Shi fa. Ni a haka ma ya gama da ni."

Ta ja mayafi ta rufe murmushinta.

Kwana biyu ba ta ga komai ba: koko, tuwo, rake, ɗan wake. Matsalar ita ce kullum bayan sallar la'asar Iyatu kan ce, "Je ki ɗan kwanta, bar mini maigidan," ita kuma ta faɗi kamar buhu. Rana ta uku ta daure, ta kwanta ta bar labule a ɗage, tana mintsinin hannunta.

Iyatu ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta kwance bakin zaninta, ta fito da farin goro ta ɓare.

"Ungo maigida, naka babban."

Ɗanbaba ya karɓa, ya harɗe ƙafa, ya hau tauna kamar dattijon da ya dawo daga kasuwar Kura. Iyatu na ba shi labari: an sako ruwa a kanal, kwandon tumatir ya faɗi, akuyar maƙwabta ta sake shigowa. Da ya gama ta goge masa baki tas da gefen mayafi.

Dariya ta taso wa Zuliha, sai kuka ya riga ta. Haka Iya take yi da Baba kullum, a gindin bishiyar nan, shekara talatin da wani abu. Babban ɓarin nasa ne.

Washegari ta gaya wa Abdulsamad, ya dafe kai. "Goro? Da yamma? Ai ko direban tirela ne ya kwana ido biyu."

"Ba zan iya hana ta ba, Malam. In na hana ta, kamar Baba ya sake mutuwa ne. In na yi shiru kuma, na rasa ka..."

"Bar ni da ita," in ji shi.

La'asar na yi ya yi sallama ya shigo har tsakar gida, ya durƙusa daidai lokacin da Iyatu ta ɓare goron. Ta yi saurin ɓoye hannu.

"Iya, ƙara na kawo. Kullum maigidan nan ke cinye babban ɓari, ni da nake neman shiga gidan ko ƙanƙani ba a taɓa ba ni ba. Ga dabino na kawo masa, mu yi musaya. Goro na manya ne, shi ke hana ƙananan ido rufuwa."

Iyatu ta dube shi, ta dubi jikanta, ta dubi labulen da ke motsi. Tsohuwa ce mai kaifin hankali, ta gane sarai. Idonta ya kawo ruwa, ta maze.

"Kai kana cin goro ma kuwa?"

"Sosai, Iya."

Ƙarya dai bai so yi ba, amma wannan ta kufce masa. Ya jefa a baki, ɗaci ya ratsa shi har kunne, fuskarsa ta yamutse kamar busasshen tumatir. Iyatu ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Zauna," ta ce. "Ka ji an sako ruwa a kanal?"

Kullum sai ya zo ya karɓi ɓarinsa ya saurari labarin akuya. Kafin mako ya zagayo, Ɗanbaba na yin barci tun ana sallar isha'i, har da minshari. Kawu Datti kuwa ya bi gari yana cewa shawararsa ce.

Ranar Juma'a Abdulsamad ya zo idanunsa jawur, yana hamma.

"Lafiya, likita?" in ji Iyatu.

"Iya... kwana shida ban runtsa ba."

"To fa. Sai a yi bincike." Ta juya wajen ɗaki. "Ke, fito ki ga malamin barci." Zuliha ta leƙo tana ƙunshe dariya. Iyatu ta miƙa masa babban ɓarin. "Wannan ba laifin gorona ba ne, na san mai laifin. Ka ce wa manyanka su zo jibi a sa rana. Goron kuma su kawo fari, su miƙo shi hannuna, kada maigidan ya gani."