Tsohuwar Fijo a Hanyar Wara

Da Ɗangana ya gaji tsohuwar Fijon mahaifinsa, Inna ta roƙe shi da hawaye kada ya taɓa komai a jikin motar. Ya yi dariya, ya ciccire kujerun ya ƙone su a gabanta, ya sauya inji da fitilu.

Wani dare yana dawowa Yelwa daga Wara, wani tsoho ya tsayar da shi a bakin tafki. Yana shiga, motar ta cika da ƙarnin ɗanyen nama.

"Na san motar ga," in ji tsohon, muryarsa siririya kamar ta yarinya. "Mi ka yi mata?"

"Gyara, Baba. Abin da ya tsufa cire shi ake yi, a sa sabo."

"Awo. Ni ma hakanan nika yi."

Ya ɗora hannuwansa bisa gwiwa. Ɗangana ya saci kallo. Na dama na ƙato ne, na hagu kuwa na mace, da lallensa, ga zaren ɗinki zagaye da wuyan hannun.

Tsohon ya matso, yana leƙen fuskarsa a natse.

"Idanuna sun gaji, ɗana. Naka kuwa har cikin duhu suna gani."